Wuri Huɗu a Shagon Tela

A da, a kan hanyar Kwangila a Zariya akwai wani shagon littattafai mai kanta guda a can ƙurya, inda ake jera akwatunan wasa. Ba lido ba ne, ba kuma karta ba. Irin wasan nan ne da mutane ke zama su kewaye tebur, ɗaya yana jan labari, sauran kuwa kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi: ya yi magana da bakinsa, ya yanke shawara a madadinsa. In aka zo inda ba a san ko abu zai yiwu ko ba zai yiwu ba, sai a jefa ƙwaya irin ta lido ta raba gardama. Malaman jami’a da ɗalibansu ne suka fi saye. A lokacin, idan na ce ranar Asabar za a zauna, sai na ari benci a maƙwabta. Yau caja da murfin waya ake sayarwa a shagon, kuma mai shi bai ma san an taɓa ajiye littafi a wurin ba. Masu wasan wasu sun koma Abuja, wasu sun rasu, wasu sun ce sun girma.

Na ɗauka mu kaɗai abin ya sama, sai da na koma Jamus ganin jikokina. A wani ƙaramin gari na can na koyi wasan, lokacin da aka tura ni kwas kan injinan ban ruwa. Na nemi shagon da na sayi nawa, na tarar burodi ake gasawa a ciki. Wani tsohon abokina a Faransa ya ce su ma haka ne: abin da ya rage a kasuwa manyan wasannin nan ne da kowa ya sani, na takubba da dodanni, ƙananan kuwa sai dai ka samu a hannun wanda ya ƙi rabuwa da nasa.

Namu ko a lokacin da kasuwar ke ci ba sananne ba ne. Wani mutum da matarsa suka rubuta shi, suka buga da kansu, siririn littafi ne da Jamusanci, kuma tuni suka daina bugawa. Babu takobi a ciki. Ambaliya ce ta cinye ƙasa, ku kuma kuna cikin jirgin ruwa guda, ɗauke da irin shuka, kuna neman tudun da za ku sauka ku yi noma. Ba a cika mutuwa a wasan ba. Abin da ke ciwo shi ne, duk sa’ad da jifa ta ƙi ka, dole ku jefar da abu guda daga cikin jirgin. Da baki nake juya shi zuwa Hausa, har ruwan ya zama namu, da giginya da dorina da rumbunan da suka nutse sai kan jinka ake gani.

Da na yi ritaya na dawo Tudun Wada, mu huɗu muka rage. Da ni mai jan labari. Da wani tsohon hedimasta daga cikin gidajen Kiristocin Zariya, mutum mai tsare gida wanda ya zaɓi ya zama saurayi maƙaryaci a cikin jirgin, yana kuma yin ƙaryar da gwaninta mai ban tsoro. Da ƙanwarsa, tsohuwar nas da kowa ke kira Sista, ita ce mai kula da iri. Na huɗu shi ne tela, matuƙin jirgin.

A shagon telan muke zama, a bayan labulen da ya raba inda yake karɓar baƙi da inda yake aiki. Dalili kuwa shi ne ba ya iya barin kekensa. Asabar ce ranar da masu ɗinki suka fi zuwa, mu kuma ita ce ranar da ta dace da kowa, tunda Juma’a tawa ce da shi, Lahadi kuma ta su Hedimasta. To, sai wasan ya je ya same shi. Yana taka keke yana tuƙa jirgi. Allura a baki zai ce, “Mu bi ta bayan rumbun can, ruwan nan na gaba bai kwanta mini ba.” Na yi wasan nan da injiniyoyi da likitoci a ƙasashe daban-daban, ban ga wanda ya kai shi ganin abin da ba a faɗa ba. Kayan jirgin ma daga wurinsa suka fito: maɓallai. Ja buhun iri ne, fari tulun ruwan sha, baƙi kayan aiki, wani babba ruwan ƙasa kuma akuya ce. Idan jifa ta ƙi, sai a miƙo mini maɓalli ɗaya in jefa a gwangwani.

Ƙwayoyin jifar wasan guda huɗu ne, kowace fuska ko fara ko baƙa. Wata rana da damina ɗaya ta gangara ƙarƙashin ƙofa ta faɗa kwata, ruwa ya tafi da ita. Daga baya wata ta tsage. Na aika Kano, na aika Legas, na sa ɗana ya nema a can Jamus, babu. Sai rannan na hangi wata ’yar kwalba a kan kantar tela cike da wuri, ragowar wanda ya taɓa yi wa rigar wani mafarauci ado da shi. Na ɗauki ɗaya na juya. Ko ya buɗe ko ya kife, fuska biyu, daidai abin da muke nema.

“Ga ƙwayoyinmu,” na ce.

Sista ta ce, “Malam, da kakarmu ta ga wuri a hannunmu muna watsawa, da ta fasa mana baya.”

Tela ya tsayar da keke ya dube ni, kamar zai yi magana, sai kuma ya ci gaba da ɗinki. Ni kuwa lissafi kawai nake yi. A Alƙahira na zauna a gidajen shayi inda ƙarar ƙwayoyi a kan allo ba ta tsayawa daga safe har yamma, liman ya wuce bai ko waiwaya ba. A Jamus yara da kakanninsu ke jefawa tare. Na daɗe a waje har kunnena ya manta abin da ƙarar wuri a kan faifai ke nufi a nan.

Ka tsaya a bakin titi ka ji abin da mai wucewa ke ji. Labule a sake. Tsofaffi a ciki, har da mace. A watsa wuri, a yi shiru, sai wani ya ce “Wayyo, mun yi asara!” sai a ga hannu ya miƙa wani abu an jefa a gwangwani. Ba a daɗe ba magana ta zaga unguwa cewa ana caca a shagon tela. Na fara lura ne a masallaci, da wanda muka saba gaisawa da hannu biyu ya ba ni yatsu.

Ginin na wani Alhaji ne, ɗan kasuwar hatsi, Bakano ne da iyayensa suka zauna a Tudun Wada. Shi ya ba tela shagon tun yana saurayi, lokacin da ba shi da komai sai keken aro. Tela Bazazzagi ne, don haka ba sa haɗuwa ba su taɓa wasan da ke tsakanin Kanawa da Zage-zagi ba. Alhaji zai leƙo ya ce, “Ina bawan nan nawa?” Tela ya ce, “Ga ubangidanka yana aiki, shigo ka gaishe shi.” A wannan makon Alhaji ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa, ya kira shi Malam.

Da tela ya zo gidana yana ba ni labari, nan ya fi tsayawa. “Malam fa ya ce mini. Tun da nake da shi bai taɓa ce mini Malam ba.”

“Me ya ce?”

“Ya ce an kai masa magana har gida, shi ma kuma ya tsaya jikin taga ya ji da kunnensa. Ya ce Asabar bayan la’asar zai zo ya zauna ya gani. Kada mu canza komai. In caca ce, in kwashe kekena.”

Kowa ya san akwai ɗan ’yar’uwar Alhajin da ya daɗe yana son wurin don ya buɗe shagon waya. Kowa kuma ya san tela ba shi da wani wurin. Mutum mai furfura, wanda masu ɗinkinsa suka san ƙofa ɗaya tun iyayensu na kawo su awo, in ya tashi daga nan da sunan ɗan caca, wa zai ba shi haya, wa zai kai masa yadin ’yarsa?

Na ce, “To kada mu zo. A bar wasan, shi ke nan.”

“In ya zo ya tarar babu kowa, ai mun amsa laifi.”

“To mu ɓoye wurin. In yanka takarda fara da baƙa mu riƙa zara.”

“Ya ji ƙararsa, Malam. In ya zo bai ga wuri ba, zai ce har shi ma za mu raina wa hankali.” Ya shafa gemunsa. “Ku zo kamar kullum. Kai dai ka ba da labari mai kyau.”

Ranar Asabar hadari ya haɗu tun azahar, iska ta tsaya cik, shagon ya yi zafi kamar tanda. Hedimasta ya zo da rigarsa ta zuwa coci, Sista ta hana shi sa taye. Tela ya share wurin har ƙarƙashin keke, ya ɗage labule ya ɗaure, sai ya tuna an ce kada a canza komai, ya sake shi. Muka jera maɓallai a tebur. Tafiyar ta yi nisa, kayanmu sun ƙare saura kaɗan: ja ɗaya, fari ɗaya, baƙi ɗaya, da akuya.

Alhaji ya yi sallama ya shigo shi kaɗai, carbi a hannu. Ya gaida Hedimasta da ladabi, don shi ya koyar da ’ya’yansa, ya gaida Sista, ya gaishe ni. Tela ya jawo masa kujera mai hannu, ya ƙi, ya zauna a ƙarshen benci kusa da ƙofa.

“Ku yi abinku,” ya ce. “Kamar ba na nan.”

Na yi magana a gaban manyan mutane da harsunan da ba nawa ba, ban taɓa jin nauyin fara magana irin na ranar ba. Na fara. Na ce gari ya waye, jirgi ya iso wata tsohuwar gada da ruwa ya kusa shanyewa, tsakanin ruwan da ƙasan gadar bai fi kamu biyu ba, ga igiyar ruwa tana jan ku can. Muryata ta fita siririya. Keken tela ma a tsaye yake, abin da bai taɓa faruwa ba.

Na ce, “Matuƙi, me za ka yi?”

Ya ƙura wa maɓallai ido.

Hedimasta ne ya cece mu. Ya gyara murya ya koma saurayin nan nasa. “Ku kwantar da hankalinku! Gadar nan kakana ne ya gina ta. Yana da wata kalma, in na faɗa sai ta ɗaga kanta mu wuce.”

Sista ta ce, “Jiya ka ce kakanka masunci ne.”

“Ai biyu ne kakannin.”

“Shekaranjiya sarkin maƙera ne.”

“Gidanmu da yawa muke, baiwar Allah.”

Na saci kallon Alhaji. Carbinsa na tafiya, fuskarsa ba ta nuna komai ba. Yana kallon mutumin da ya zane ’ya’yansa kan ƙarya yana zuba ta buhu-buhu.

Tela ya ɗauki wata riga ya soma yi mata ƙafar maɓalli da hannu, sai bakinsa ya buɗe. “Kowa ya kwanta a cikin jirgi. Zan kafa gora jikin ƙafar gadar in juya mu ta gefen hagu, can ruwan ya fi laushi.”

“Sai ka jefa,” na ce.

Babu makawa. Na tura masa faifai. Dokar ita ce, in uku ko huɗu suka buɗe an tsira, in ba haka ba sai an yi asara. Ya tattara wurin a hannun nan nasa da ke zura zare a allura ba tabarau. Ya watsa. Ƙarar ta cika shagon. Carbin Alhaji ya tsaya.

Ɗaya ya buɗe, uku suka kife.

Na ce gora ta karye, jirgi ya bugi ƙafar gada, ruwa na shiga, sai an rage kaya. Tela ya ɗauki baƙin maɓalli ya miƙo mini. Na kai hannu.

“Tsaya,” in ji Alhaji. “Wannan nawa ne?”

“Ranka ya daɗe,” in ji tela, “ba kuɗi ba ne. Kayan aiki ne, su gatari da igiya.”

“Na ji. In an tashi, nawa ake fansarsa?”

“Ba a fansa.”

“Wanda ya tara su da yawa me yake samu?”

Na ce, “Alhaji, ni nake tara su, ba na samun komai. Ba ma wasa da juna muke ba. Su ukun jirgi ɗaya suke, ko su isa tare ko su nutse tare.”

“To wa ke ci?”

“Babu.”

Ya miƙo hannu, tela ya sa masa maɓallin a tafi. Ya juya shi, ya kai shi kusa da ido. Sai ya dubi gaban rigarsa. Iri ɗaya ne da waɗanda ke jikinta, don a nan aka ɗinka ta.

“In an tashi ina yake zuwa?”

“Gwangwani, ranka ya daɗe. Gobe in ɗinka shi a rigar wani.”

Ya jefa shi a gwangwanin da kansa. “Ku ci gaba.”

Na so in sassauta labarin, in kai su gaɓa lafiya a tashi. Amma na san in na yi haka tela zai gane, wataƙila Alhaji ma ya gane ana yi masa kwalliya. Na ce jirgi ya wuce gadar amma har yanzu ya yi nauyi, ruwa ya kai idon sawu, sai an ƙara jefar da abu ɗaya. Ruwan sha ba ya taɓuwa. Saura iri ko akuya.

Nan suka manta da baƙo. Sista ta dafe jan maɓalli ta ce sai dai a jefa ta ita, tun farkon tafiya irin nan take kwana a kai. Tela ya ce akuyar ce ke ba su nono, in babu ita ba za su kai tudun da rai ba. Hedimasta ya ce shi yana jin yaren awaki, akuyar ta ce a jefa Sista.

“Yaya, ka yi mini shiru!”

“Ni isar da saƙo kawai na yi.”

“Irin ya jiƙe?”

Duk muka juya. Alhaji ne, ya ɗan sunkuyo daga kan benci.

Ban taɓa tunanin wannan ba. Na ce, “E, ruwa ya taɓa gindin buhun.”

“Gero ne ko dawa?”

“Dawa.”

“To ai ba buhun za ku jefar ba gaba ɗaya. Na ƙasan da ya jiƙe ya tashi aiki, kafin ku isa ya tsiro ko ya yi fumfuna ya ɓata sauran. Ku farke buhun, ku kwashi na sama a riga, ku zubar da jiƙaƙƙen. Shi ne ma mai nauyin.” Ya dubi Sista. “Ke da kike kwana a kai ba ki taɓa gindinsa kin ji ba?”

Dokar littafin ba ta yarda a raba maɓalli biyu ba, amma ranar ko mutumin da ya rubuta ta ne ya zo ba zan saurare shi ba. Na ce dabarar ta yi, sai dai a jefa a ga ko za a gama kwashewa kafin ruwa ya ci jirgin. Na ga tela ya saki numfashi. Ni ma a raina na ce an gama, shagon ya tsira, wasan ma ya tsira, wataƙila har mun samu na biyar.

Sista ta watsa wuri. Uku suka buɗe. Hedimasta ya tafa. Amma ni Alhaji nake kallo, na kuwa ga yadda ya runtse ido lokacin da wurin ya sauka, kamar an watsa masa ruwan zafi. Ya koma ya jingina da bango. Ruwan sama ya fara sauka a kan kwano, sai da ya ɗaga murya.

“Na gani. Ba caca ba ce. Zan faɗa a masallaci, zan faɗa wa wanda ya kai mini maganar. Shago naka ne, ba mai taɓa kekenka.”

Tela ya zame daga kujera ya durƙusa. “Allah ya saka da alheri, ranka ya daɗe.”

“Ban gama ba. Tashi ka zauna.” Ya nuna faifan da carbi. “Yayana da wannan ya rabu da gonar mahaifinmu. Ina yaro nake jin ƙarar nan ta bayan danga, ina kallon mahaifiyarmu tana yi kamar ba ta ji. Ni na shigo na zauna na gani. Mai wucewa ba zai shigo ba, ji kawai zai yi. Ba za a ƙara zaman nan a ginina ba.”

Na ce, “Alhaji, sai mu bar wurin. Mu nemi wani abu, ko ƙwallon dabino ne mu shafa wa fenti. Mu ɗage labule.”

“Malam, ko auduga kuka jefa yanzu, wuri za a ji. Sunan ya riga ya kama shagon. Tela kuma da sunan yake ci.”

Sista ba ta iya haɗiye magana. “Alhaji, ga shago can tsallaken titi, samari cike suna cacar ƙwallo da rana tsaka, da allo a ƙofa. Su ba a ce musu komai ba, sai mu da maɓalli?”

“Sista,” in ji Hedimasta a hankali.

Na dubi tela, ya sunkuyar da kai, yana murza rigar da ke hannunsa. Kalma ɗaya za ta iya mayar da mu inda muka fito. Alhaji ya daɗe yana kallonta.

“Gaskiyarki,” ya ce. “Amma wancan ba ginina ba ne.”

Duk tela muke jira, don shagon nasa ne, jirgin ma kusan nasa ne. Ya tattara wurin huɗu ya mayar cikin kwalba, ya murɗa murfin.

“Na ji, na kuma gode.”

Alhaji ya miƙe ya gyara hula. A bakin ƙofa ya tsaya yana duban ruwan sama, sai ya juyo. “Kai Bazazzagi, haka za ka bar ubangidanka ya jiƙe? Ina lema?”

“Ai Bakano ba ya narkewa,” in ji tela. “Sai dai in an ce ya biya kuɗin lemar.” Ya ɗauko ta ya raka shi har mota.

Da ya dawo kafaɗarsa a jiƙe, ya tarar ina tattara maɓallai. Ya ce, “Malam, kafin ku tafi, ka sauke ni wuri mai kyau. Ba sai an jefa komai ba.”

Na zauna. Na ce bayan gadar akwai wani ɗan tudu da giginyu uku da wata bukka da ruwa bai kai ba. Bai isa noma ba, amma ya isa mutum ɗaya. Tela ya ce matuƙi zai sauka nan, ya riƙa hura wuta don jiragen da ke baya su san inda gadar take. Ya ce a bar masa akuya. Ya ce wa Sista ta riƙe ragowar gorar, kuma kome Hedimasta ya ce game da hanya ta yi akasinsa. Ya ɗauki babban maɓallin ruwan ƙasa ya sa a aljihu.

Alhaji ya cika alkawari. Ya yi magana a masallaci, gaisuwa ta koma hannu biyu, masu kawo yadi ba su ragu ba. Wasan ya koma zauren gidana, mu uku, da ƙwallon dabino da aka shafa wa farin fenti gefe guda. Ba ya ƙara, ba ya kuma faɗuwa daidai, ya fi son kifewa, shi ya sa asararmu ta yi yawa. Mun gwada sauya rana saboda tela. Sau ɗaya ya rufe shago ya zo, cikin wankakkiyar riga, ya zauna hannu biyu a kan gwiwa. Na tambaye shi abin da matuƙi zai yi, ya ce bai sani ba. Ya ce in babu allura a hannunsa ba ya ganin ruwan. Kowane motsi a waje sai ya leƙa, yana tunanin wani na can ya tarar da ƙofa a kulle. Kafin magariba ya yi mana sallama.

Nakan bi ta shagon in zan je kasuwa. Yakan tsayar da keke ya tambaye ni ina jirgi ya kai, in gaya masa, ya ce da shi ne da ba ta nan zai bi ba. Babban maɓallin yana cikin aljihun keken, tare da alli da abin awo, bai ɗinka shi a rigar kowa ba. Shagonsa yana nan a hannunsa. Amma tun daga ranar nan bai sake yin wasan ba.